Daga Ƙurɗuba zuwa Tibiri: tarihin kalmomin ladabi a bakinmu da bakin mutanen Ispaniya

  

Kwanakin baya wani matashi ɗan yankin Gazawa, mai sauraren shirinmu ta salula, ya aiko mana da saƙon murya daga kudancin Ispaniya, inda yake aikin gonar tumatir a wajen Almeriya. Ya ce akwai wata dattijuwa a unguwar da yake, duk lokacin da aka yi zancen ruwan sama sai ya ji ta ce "ojalá", wato a bakinsu "ohala". Da ya tambaya aka ce masa fata ce, kamar mutum ya ce Allah ya sa, kuma asalin kalmar Larabci ne. Shi ne ya ce mana: "Yaya, don Allah ku binciko mana, yaya aka yi sunan Allah da Larabci ya shiga bakin Nasara?" Mun ɗauki alkawari, yau ga shi mun zo cikawa. Da muka shiga binciken sai muka tarar zancen ya dawo gida, ya taɓo gaisuwarmu da ladabinmu, abin da muke gani yana ja da baya ko a cikin kiran da ake yi mana a radiyo. Mutum ya bugo, ba sallama ba ina wuni, sai "alo, ka gane ni?"

Bari mu fara daga can. A shekarar 711 rundunar Musulmi ƙarƙashin Ɗariƙu bin Ziyad ta ƙetare teku daga Maroko ta shiga ƙasar da Larabawa suka kira Andalus. Daga wannan shekara har zuwa 2 ga Janairun 1492, ranar da birnin Garnaɗa ya faɗa hannun sarki Fernando da sarauniya Isabel, akwai mulkin Musulmi a wani sashe na ƙasar, kusan shekara 800 ke nan. Zama irin wanga ba ya wucewa bai bar tabo a harshe ba. Masana Ispaniyanci sun ƙiyasta kalmomi wajen 4,000 da suka samo asali daga Larabci, in aka haɗa da sunayen garuruwa da koguna.

Abin da ya ba mu sha'awa shi ne yadda mu da su muka yi aro iri ɗaya. Balarabe yana ɗora "al" a gaban suna. Bahaushe da ya ari kalma sai ya haɗiye ta da "al" ɗinta: al-adab ta zama ladabi, al-afiya ta zama lafiya, al-khabar ta zama labari, al-ƙadi ta zama alƙali. Mutumin Ispaniya ma haka ya yi. Al-ƙadi ta zama "alcalde", wanda yau a wurinsu shi ne magajin gari. Al-wazir, wazirinmu ke nan, ta zama "alguacil", wani ma'aikacin kotu. Kada a fahimce mu baibai: Hausa ba ta ari komai daga Ispaniyanci ba, su ma ba su ara daga gare mu ba. Rijiya ɗaya muka sha, kowa da gugansa.

To ku saurari kalmomin mu'amala. "Ojalá" ta fito ne daga lafazin Larabcin Andalus mai ma'anar in da Allah ya so, ƙanwar in sha Allahu ɗinmu ce. Suna da "albricias". A tsohuwar al'adarsu kyauta ce da ake ba wanda ya fara kawo labari mai daɗi, kuma tushenta ɗaya da bishara. Wa bai san "albishirinka" ba, a amsa da "goro"? Kalma ɗaya, al'ada ɗaya, tsakanin Madrid da Gidan Sori. Suna da "alafia", tsohuwar kalma da ake faɗa in mutum yana neman afuwa ko sassauci, ita ce lafiyar da muke tambaya safe da yamma. Suna da "hasta", daga hatta, shi ya sa in za su yi ban kwana sai su ce "hasta mañana", wato sai gobe. In ba su son kama sunan mutum sai su ce "fulano", daga fulan, kamar yadda muke cewa wane.

Akwai guda ɗaya da ta ba mu tausayi, ita ce "zalema". Daga salam ta fito, sallamar nan tamu. A wurinsu ta koma nufin rusunawa ta ƙanƙan da kai, daga ita kuma aka sami "zalamero", mai daɗin baki, mai gaisuwa da roƙon iri. Haka "mezquino", daga miskin, ta tashi daga talaka abin tausayi ta koma marowaci. Kalma takan lalace in darajar masu ita ta faɗi, kuma tarihi ya nuna yadda ta faɗi. A 1567 sarki Felipe na biyu ya sa aka yi shelar doka da ta hana jikokin Musulmin Garnaɗa magana da Larabci, da sa tufafinsu, da raɗa sunayensu. Suka yi bore a duwatsun Alpuharas daga 1568 zuwa 1571, aka murƙushe su. Tsakanin 1609 da 1614 aka kori kimanin mutum 300,000 daga ƙasar baki ɗaya. Mutanen sun tafi, amma "ojalá" tana nan a bakin dattijuwar Almeriya.

Yanzu ina hanyar da ta haɗa mu da waccan ƙasa? Ku leƙa zauren malamin unguwarku. Ishiriniyar da ake rerawa a Mauludi, Alfazazi ne ya tsara ta, mutumin Ƙurɗuba, ya rasu a 1230. Ashafa da ake karantawa da azumi, ta Alƙali Iyal ce, haifaffen Sabta, wanda ya yi alƙalanci a Garnaɗa ya rasu a 1149. Sabta ita ce Seuta ta yau, garin da ke hannun Ispaniya a gaɓar Maroko, inda samarin Afirka ke hawan shingen waya suna neman shiga Turai. Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ke hannun malamanmu, riwayar Yahaya bin Yahaya Allaisi ce, malamin Ƙurɗuba. Alfiyyar nahawu kuma ta Ibnu Malik ce, haifaffen Jayyan, garin da suke kira Hayen a yau. Wato tun kafin mu san Real Madrid da Barcelona a gidan kallo, kakanninmu suna zaune a buzu suna karatun mutanen wannan ƙasa, kuma daga irin waɗannan littattafai ne ladabin sallama, da na cin abinci, da na zama gaban malami ya daɗa kafuwa a cikinmu.

Ita kanta Ƙurɗuba makarantar ladabi ce a zamaninta. A 822 wani mawaƙi da ake wa laƙabi da Ziryab ya iso can daga Bagadaza, a zamanin sarki Abdurrahman na biyu. Marubuta tarihi suna jingina masa tsarin kawo abinci bi da bi, a fara da romo, a bi da nama, a rufe da kayan zaƙi, da shan ruwa a kofin gilashi, da sauya tufafi bisa ga yanayin shekara.

A shekarun da Garnaɗa ke faɗuwa ne Shehu Almagili, mutumin Tilimsan, ya zo ƙasar Hausa ya zauna Kano da Katsina, ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a kan yadda sarki zai riƙe kansa da fadarsa. Bayansa kaɗan wani ɗan Garnaɗa da iyayensa suka yi hijira zuwa Fas, Alhasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leon na Afirka, ya rubuta littafin bayanin Afirka da aka buga a Banis a 1550. A ciki ya ambaci Agadas, Kano, Katsina, Zazzau, Zamfara da Gobir. Da ya zo kan Gobir ya siffanta mutanenta da wayewa, ya ce akwai masaƙa da dukawa da yawa, kuma takalmansu har Tumbutu da Gawo ake kai su. Gobirawan Tibiri, kun ji shaidar da aka yi muku tun shekara kusan 500. Sai ku riƙe ta da kyau.

Sai dai kada mu ɗauka ladabi baƙo ne da ya zo mana a bayan raƙumi. Kalmar ce aka aro, halin yana nan tun fil azal. Kunya, kara, kawaici, biyayya, girmamawa, duk na gida ne. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Matar kirki ta dā ba ta kama sunan mijinta, sai ta ce maigida ko malam. Suruki ba ya cin abinci gaban surukinsa. In an raɗa wa yaro sunan kakansa sai a saka masa laƙabi, a ce Abba ko Maikano ko Magaji, don kada a riƙa kiran sunan babba gatsal a tsakar gida. Mutanen Ispaniya suna da kalmar kunya, "vergüenza", kuma cikin zagin da ya fi ciwo a wurinsu akwai "sinvergüenza", marar kunya. A nan ma mun haɗu, domin a Agye ko Gangara in aka ce yaro ba shi da kunya, ba shi kaɗai aka zaga ba, har gidansu.

Mu zo kan fada. Babbar kalmar ladabi a Ispaniyanci ita ce "cortesía", mutum mai ladabi kuma "cortés". Tushensu "corte", wato fadar sarki. A ganinsu ladabi hali ne da ake koyo a fada. Mutumin kirki mai dattako kuma "caballero", daga "caballo", doki: mai doki ke nan, barde. "Usted" da suke kiran babba da ita, gajartawa ce ta "vuestra merced", wani lafazin girmamawa mai kama da mu ce alfarmarku. Rigimar laƙabi ta yi yawa a wurinsu har a 1586 sarki Felipe na biyu ya kafa doka a kan wa za a kira da wane laƙabi, a baki da a wasiƙa.

Mu ma yankinmu ɗan fada ne, kuma tarihinsa ya nuna dalili. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Birnin Katsina ya fita daga hannun sarakunan Haɓe a wajajen 1807, Alkalawa ta Gobir ta faɗi a 1808. Gidan sarautar Katsina ya yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tibiri ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. Waɗannan mutane sun bar birane da ganuwa a baya, amma sun taho da tsarin fada cif: Kaura, Galadima, Durɓi da Ƴandaka a Maraɗi, Taran Gobir a Tibiri, Iya a can, Inna a nan. Tare da sarautun suka taho da harshen fada: ranka ya daɗe, Allah ya ba ka nasara, Allah ya ja zamaninka, da jinjina, da tuɓe takalmi tun daga ƙofa, da faɗuwa gaisuwa. Gazawa kuwa garin bakin daga ce a wancan zamani. Bajamushen nan Heinrich Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa a watan Janairun 1851 a hanyarsa ta zuwa Katsina, ya tarar da Gazawa kewaye da kafi da gwalalo saboda hare-hare. A irin wannan zama na ɗar-ɗar, sallama daga nesa da tsayawa a bayyana kai ba ado ba ne, da su ake rabe baƙo da ɗan hari.

Ladabin fada ma an yi gardama a kansa. A dā akwai hurwa, wato talaka ya ɗebi ƙasa ya zuba a kansa gaban sarki. Ibnu Baɗuɗa ya ga irinta a fadar Mali a 1352, Shehu Usmanu kuma ya lissafa ta cikin al'adun sarakunan Hausa da ya soka a Kitabul Farƙi. Yau ba mai zuba ƙasa a ka, kuma ba wanda ya ce an rage wa sarauta daraja. Wannan ya nuna mana ladabi yana sauya riga. Abin da ya zama ƙasƙanci ana iya ajiye shi, a riƙe girmamawar. Haka harshenmu ya bambanta bafade da mai fadanci, kamar yadda nasu ya bambanta "cortés" da "zalamero".

Daga nan sai Faransawa. Ayarin Voulet da Chanoine ya ratso ƙasar nan a 1899 da ƙone-ƙone da kisa, ya watse a wajen Dankori da Maijirgi a watan Yulin wannan shekara. Waɗanda suka shigo da irin wannan sallama su ne daga baya suka buɗe lakwal suna koya mana "politesse". Mu da muka bi ta koleji da lise mun san darasin: a ce wa mushe "vous", kada a kuskura a ce masa "tu", a miƙe tsaye in ya shigo, a dube shi ido da ido in yana magana. A gida kuwa an koya mana in babba na magana a durƙusa a sadda kai. Yaro ɗaya, ladabi biyu masu karo da juna: abin da ke tarbiyya a zauren Baba shi ne rashin gaskiya a idon mushe. Yayyenmu da iyayenmu sun ga abin da ya fi haka, lokacin da ake rataya wa ɗalibi sambol don an ji ya yi Hausa a farfajiyar lakwal. Daga nan muka gaji bonjur, marsi, pardon, madam da mushe, kuma yau sun zama namu, ba mu ƙi su ba. Illa dai "bonjur" kalma ɗaya ce a wuce, gaisuwar Hausa kuwa tambaya ce: kwana, gajiya, gida, ɗiya, aiki, ruwa, mai jiki. Kafin a gama, ka san ko akwai marar lafiya a gidan, ko an yi rashi, ko gona ta ƙi. Ita ce jaridarmu ta farko.

Akwai wata kalma tasu da ta dace mu tsaya a kanta. Mai ladabi suna ce masa "educado", marar ladabi "maleducado". Kalmar ilimi da ta tarbiyya ɗaya ce a wurinsu, har mutum ya tara digiri a ce masa "maleducado" in bai iya magana da mutane ba. Suna kuma da "urbanidad", daga kalmar Latin mai nufin birni. A 1853 wani mutumin Benezuwela, Manuel Antonio Carreño, ya wallafa littafin ladabi da wannan suna, aka yi ta koyar da shi a makarantun ƙasashe masu Ispaniyanci fiye da shekara 100. A nan mun ɗan saɓa da su. Mu ma muna cewa bagidaje, muna cewa ƙauyanci, amma duk wanda ya zaga ƙauyukan Saye Sabuwa ko Caduwa ya san inda cikakkiyar gaisuwa ta rage. A can ne har yanzu ake kawo wa baƙo ruwa kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi.

Kuma mun ga amfanin wannan da idonmu. Tun daga 2019, da ƴan bindiga suka addabi ƙauyukan Sakkwato, Zamfara da Katsina, dubban mata da yara da tsofaffi suka ƙetaro iyaka zuwa gundumar Gidan Rumji. Kafin ƙungiyoyin agaji su iso, kafin a tsugunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, talakawan ƙauyukan bakin iyaka ne suka ce musu sannunku da zuwa, suka buɗe ɗaki da rumbu, alhali su ma ba su da isasshe. Kara ce ta yi wannan aiki, ita ce ta hana mutum cin tuwo baƙo na kallo. Yaron da bai koyi sannu da zuwa ba yau, da wuya ya buɗe ƙofa gobe.

Haka wasan barkwanci, irin na Bagobiri da Bazabarme, ko Bafillace da Babarbare, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka rashin ladabi ne. Alhali doka gare shi: an san wa ake yi da shi, an san iyaka, kuma ba a fushi. Abin da muke gani yanzu a Facebook da WhatsApp, yaro ya zagi sa'an ubansa don bambancin siyasa ko na malamai ya ce wasa ne, wannan ba shi da dangantaka da abin da kakanni suka bari.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan nauyi ne a kanmu, mu da aka haifa cikin harshen. Ƴan uwanmu Zabarmawa, Fulani, Buzaye, Barebari, Tubawa, Gurmawa da Larabawa za su auna Hausa da yadda muke magana da su a kasuwa, a tasha, a likita da a bureau. Jikokin Musulmin Garnaɗa doka ce ta raba su da harshensu da gaisuwarsu, da bulala da kora. Mu ba wanda ya hana mu. In sallama da sannu da na gode suka fita daga bakin ɗiyanmu, da hannunmu muka sake su.

Saboda haka ga roƙonmu. Mai bugo waya a shiri, fara da sallama, ba za ta cinye maka kati ba. Iyaye, a riƙa aika yara gaida kawu da gwaggo da ƙafa, kada a bar wa saƙon murya komai. Malaman lakwal da na allo, a nuna wa yaro cewa durƙusa wa babba da duban mutum a faɗa masa gaskiya duka ladabi ne, kowanne da wurinsa. Mu manya kuma mu amsa gaisuwar yaro da sakin fuska, mu ce masa na gode in ya yi mana aiki, don abin da ya gani shi zai ɗauka.

Kai kuma ƙanenmu na Almeriya, ga amsarka. In dattijuwar nan ta sake cewa "ojalá", ka ce mata a garinku ana cewa in sha Allahu, kuma kakannin kalmomin biyu ɗaya ne. Ka riƙe "por favor" da "gracias", su ne don Allah da na gode na wurin, ka ce wa manya "usted". Ka kuma riƙa kiran gida kana gaida Inna da Baba yadda aka koya maka. Allah ya tsare ku, ya maido ku lafiya.

Dattawan Tibiri, Gazawa da Agye, muna jiran ku a shiri na gaba da tsofaffin gaishe-gaishen da kuka ji a bakin iyayenku, na fada, na masu sana'a, na gona da na makoki, mu rubuta su tun masu su na da rai. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da iyakarmu lafiya.